Hannun Lantana mai kitso

Duk Ƙofar Marke babu kan macen da bai ratsa hannun Lantana ba, har nawa wannan da gashinsa bai cika cokali ba. Katanga ɗaya ta raba mu. In tana mini kitso nakan ce, "Ke Lantana, ja a hankali, ba igiyar guga kika kama ba." Ta ce, "Uwani, zamna daidai ko in bar ki da rabin kai ki tafi biki."

Ɗayyabu mai gyaran babur shi ne tsohon mijinta. Da bakinsa ya sake ta, babu wanda ya roƙe shi. Amma tun da ta gama idda, ya ji an ce wani ya yi sallama da ita, sai haukansa ya tashi. Karon farko ya tare ta bakin famfo ya fasa mata leɓe. Dattawa sunka taru a zauren mai unguwa, anka ce uban ɗiyanki ne, ki yi haƙuri. Ya duƙa yana share hawayen da ni dai ban gani ba, anka shafa fatiha. Karo na biyu da sarƙar babur ya zo. Anka koma zaure. Na ce wa Baffa Jibrin, ƙanen babanta, "Baffa, ku kuna shafa fatiha, ita tana shafa man zafi." Ya ce ba ni da kunya. To, na ji.

Na uku ya karya mata hannun dama. Ranar ba ta bi ta zaure ba, wurin 'yan sanda ta miƙe, magana ta kai kotu.

Mai gabatar da ƙara ya faɗa mata gaskiya. Ya ce in alƙali ya gamsu cewa dukan ba yau ya fara ba, Ɗayyabu zai iya shan shekaru. In kuwa an ɗauke shi laifin farko, ƙila 'yan watanni. Na baya babu wanda ya je gaban hukuma, sai dai a kawo waɗanda sunka yi sulhun su ba da shaida.

Lantana ta bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu rataye a wuya. Kowa ya noƙe. Baffa ya ce, "Ɗiyata, abin da munka rufe da fatiha ba mu sake buɗe shi. Ki ma janye wannan."

Ta ce, "Baffa, in na janye, gidanka zan riƙa kwana?"

Sai ya tuna bai yi alwala ba.

Ni kaɗai na je kotun. Na kwashe komai tun daga famfo. Alƙali ya ce in taƙaita, na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi bai taƙaita ba." Anka yi dariya, amma bakina ɗaya bai kai na dattawan da sunka ƙi zuwa ba. Wata shida anka ba shi. Wata shida! Ko akuyata ta fi haka a ɗaure.

Kafin azumi zai fito, kuma ya san ƙofar. Jiya Baffa ke murna wai yara za su yi salla da ubansu. Ita kuwa Lantana ta ɗaure kayanta da hannun hagu, za ta koma wurin yayarta a unguwar Arkilla. Ta ce in an tambaye ni in ce ban san inda ta nufa ba.