Ranar da Aka Kankare wa Karen Baba Haƙora

Shekaru sun ja, amma ba zan taɓa manta ranar da na fara leƙa cikin bakin kare ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, ina zaune da mahaifina a Jushi. Tun da ya yi ritaya daga aikin reluwe, Mama kuma ta rasu, abokin hirarsa wani jan kare ne da ya raina tun yana ɗan kwikwiyo. Abin da muka ci shi yake ci, tuwo ne ko ɗumame ko kunu.

Kwatsam karen ya fara ƙin abinci. Sai ya zo gaban kwano da gudu, ya sunsuna, ya koma ya kwanta. Yawu na dalala, bakin kuwa wari ba a magana. Ranar da Baba ya shafa masa fuska ya yi gurnani, magana ta zaga layinmu: kare ya haukace. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida.

"Baba, da yara a layin nan. Ka kashe shi, ko mu mu kashe."

Baba ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya ɗaure mini kai. Wane irin mahaukacin kare ne yake kaɗa mini bindi, yana shan ruwansa lafiya lau? Na roƙi alfarmar kwana ɗaya. Washegari wani makanike ya kai mu asibitin dabbobi a Samaru a bayan a-kori-kurarsa, kare ɗaure da igiya.

Likitar, wata 'yar siririyar mata, ta duba katin rigakafin da Baba ya adana, ta yi tambayoyi, sannan ta yi wa karen allurar barci. Ta ɗaga leɓensa ta ce, "Malama, matso ki gani."

Na matsa. Haƙoran sun yi wata kanta ruwan ƙasa, kamar gindin tsohuwar tukunya. Dasashin ja wur, tana taɓawa sai jini.

"Likita, dutse ne ya tsiro masa?"

Ta yi dariya. "Sauran abinci mai laushi ne yake maƙalewa, ƙwayoyin cuta su taru a kai. In ba a goge ba sai ya daskare, ya ci dasashi, haƙori ya fara girgiɗi. Ba hauka ba ne, azaba ce."

Ta kankare haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta cire biyu da suka ruɓe. Ni dai sai tambaya nake jera mata, har na manta da wari. Ta nuna mini yadda zan naɗa tsumma mai tsabta a yatsa in riƙa goge masa kullum, ta kuma ja mini kunne kada in sa man goge baki na mutane, tun da kare ba ya tofarwa.

Bayan mako guda karen ya cinye kwanonsa tas. Baba ya karɓe aikin goge bakin daga hannuna. Kowace safiya yana kan kujerarsa, kan kare a cinyarsa, masu wucewa na dariya. Karen ya ƙara shekara huɗu tare da shi.

Tun daga nan na koyi cewa wanda ba shi da bakin faɗin ciwonsa, da fushi yake faɗa. Kafin a yanke masa hukunci, a duba inda yake masa zafi.