Hoton Baba a Shafi na Biyu

Da aka sa ranar auren autarmu, ni na ɗauki nauyin kalanda. A Gummi a shekarun nan, biki ba kalanda ai bai cika ba. Ni kuwa ina koyarwa a sakandare, ga 'yar kwamfutata, sai ji da kai nake yi. Abu ɗaya Inna ta roƙa, a sa hoton Baba. Ya rasu auta tana goye, kuma hotonsa ɗaya tak ne a duniya, ɗan ƙarami, wanda ya ɗauka don aikin Hajjin da Allah bai nufa ba. Ta ciro shi daga ƙasan adaka, ta ce tunda bai ga girman yarinyar ba, ko a takarda ne ya halarci aurenta.

Na zauna na tsara abina. Amarya da ango a sama, addu'a a tsakiya da wani salon rubutu mai lanƙwasa da na samo wurin abokina, watanni a ƙarƙashi, Baba a can ƙasa shi kaɗai. Na nuna wa Inna a kwamfuta. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta shafi hularsa har ta bar mini maiƙo a gilashi.

Bugu mai kala sai Gusau. Na zuba aikin a filash yadda yake, na ba wani direba ya kai shagon masu bugu. Mai shagon ya bugo waya ya ce zai mayar da shi PDF ya buga, na ce bismillah. Sai daga baya na gane PDF daskarar da shafi ne, komai ya tsaya inda aka ajiye shi, kuma mai tsarawa ne ya kamata ya yi a kwamfutarsa, ya duba da idonsa kafin ya aika. Kwamfutar shagon ba ta san rubutuna mai lanƙwasa ba, sai ta sa nata mai faɗi. Addu'a ta kumbura ta ture watanni, watanni suka ture Baba zuwa shafi na biyu. Kalanda kuwa shafi ɗaya ce, shi aka buga.

Ƙunshin ya iso ranar sa lalle, gida cike. Kafin in kwance igiya da kyau mata sun wawashe, kowa na yaba kyan amarya. Inna ta karɓi tata, ta duba sama, ta duba farin filin da ke ƙasa, ta juya bayan takardar.

"To ina babanku shike?"

Na fara kame-kamen bayani, ta ce ba komai. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Gyara kuma babu hali, dangin Anka da na Bukkuyum duk sun cusa nasu a jaka. Bayan biki na je Gusau da ƙafata, na bugo wa Inna guda ɗaya daidai. Ta sa mini albarka, ta naɗe ta, ta jefa adaka. Biki ya riga ya wuce.

Ta farkon, marar hoton Baba, ita ta rataya a ɗakinta. Ta ɗauko ɗan hoton nan na ainihi, ta manna shi a farin filin da ɗan tuwon shinkafa. Shekarar ta ƙare, wasu suka bi bayanta, ba ta sauke kalandar ba har ta koma ga Allah. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata, ta ce, "Ga shi nan, ni na kai shi bikin da hannuna."