Busasshen Zani

Jiya wani mai amalanke ya wuce ƙofar gidana a Tudun Wada da lodin harawa, ƙanshinta ya mayar da ni ƙauyenmu, can gindin dutsen Kwatarkwashi.

Kakana yana da bijimin huɗa guda ɗaya, kuma harawar wake ce abincinsa duk rani. In harawa ta gaza, sai dai a kai shi kasuwa, baɗi mu koma noman hannu. Shi ya sa in marka ta kama, kowace safiya tsohon nan sai ya ratsa gonar wake yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya.

Wata shekara gwiwa ta kwantar da shi, ya ɗora mini aikin. Ni kuwa na tsani sanyin raɓa. Sai in tsaya a bakin gona, in ga ko'ina kore shar, in juyo gida.

"Matar tsoho, mi kika gani?"

"Lahiya lau, Kaka."

Kwana huɗu muna haka. A na biyar bai dubi fuskata ba, gefen zanina ya taɓa, ya ji shi a bushe ƙayau.

"Ashe raɓa ma kunyarki taka ji," in ji shi.

Ya ɗauki sandarsa yana ɗingishi, ina biye da shi. A tsakiyar gona ya juya ganye guda, sai ga ƙwaron darɓa baƙi ƙirin, ya manne a ƙasansa. Bai yi mini faɗa ba, da ma duka ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in kwaso tokar murhu, mu daka ganyen dogon yaro mu jiƙa. Mako guda muna yayyafi, shi da gwiwarsa a kumbure.

Rabin gonar muka tsirar. Kafin sabuwar ciyawa ta fito bijimin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma ba a sayar da shi ba. Har Allah ya karɓi ran Kaka bai gaya wa kowa a gidan ba. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.

Yanzu 'ya'yan ƙanena hoton ganye suke ɗauka da waya su tura wa malamin gona, kuma yana taimakonsu ƙwarai. Amma in sun shigo sun ce mini gona lafiya lau, ba wayar nake kallo ba. Ƙafar wandonsu nake kallo.