Zoben Sir Aldous

A tashar jirgin ƙasa ta ƙauyensu a Yorkshire ta Ingila, Hester Quarmby ta kafa wa wani baƙo ido. Gajere ne mai tumbi, yana cin nama a takarda, maiƙo na bin zoben gadon da ya nutse a ƙaramin yatsansa. Ɗan dako sai rawar jiki yake: "Ranka ya daɗe, Sir Aldous!"

Hester ta tabbata baƙon bai taɓa tsinana komai ba, an dai haife shi namiji. Mahaifinta kuwa 'ya'ya mata ya bari, don haka aka binne shi da irin wannan sarautar ta Sir, wadda ɗa namiji kaɗai ke gada.

"Iya," in ji ɗan dakon, "janye akwatin nan, manya za su wuce."

Ta ture shi da ƙafa, tambarin sarautar gidansu da ke jikin akwatin yana kallon bango, inda ba mai ganinsa.