Wayar da na ara a daminar golmo

Babu jirgin ƙasa a Zuru, amma jirgin ƙasa ne ya ci ƙafar yayana, kuma har gobe ina ganin da hannuna a ciki.

Yaya yana aikin duba layin dogo can wajen Zungeru. Kullum da safe zai ɗauki guduma da jar tuta, ya bi ƙarafunan da ƙafa yana ƙwanƙwasawa. Wayoyin da ke bin gefen dogon sun daɗe da mutuwa, don haka da salula ta shigo sai ya matse ya sayi ɗaya. In ya ga matsala ya kira shugaban tasha, a tsare jirgi. Ya sha faɗa mana cewa 'yar abar nan ta fi gudumarsa aiki.

Ni kuwa a daminar nan ina golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura, a wata gona ta hanyar Kanya. Akwai ɗan wani tsohon soja da ke zagayo yarinyar, ba ya iya riƙe fartanya amma yana da salula a ƙugu. Abin ya tsaya mini a rai. Da Yaya ya zo gida jana'izar kawunmu, na tare shi a bayan rumbu.

"Yaya, ara mini wayarka mako biyu kawai."

"Kai, damina ce fa. Yanzu ne ruwa ke cin ƙarƙashin dogo."

Na yi ta magiya, na kumbura fuska, har na ce ai shi ya riga ya yi aure shi ya sa bai damu da ni ba. Wannan maganar ce ta karya shi. Ya miƙo mini, ya ce in kula da ita. Shugaban tasharsa na hutu lokacin da ya koma, wanda ke riƙon wurin kuma bai san wayar ba ta hannunsa ba.

Abin haushi, a gonar ko sabis babu. Sai an hau dutse ake samun sanda ɗaya. Ranar wata Laraba, bayan ruwan da aka kwana biyu ana zubawa, na ja yarinyar muka hau dutsen don in yi burga. Wayar ta yi ƙara, na duba na ga an rubuta "Tasha". In na ɗauka asirina ya tonu, za ta san ta aro ce. Na kashe. Aka sake kira, na sake kashewa, har da cewa, "Masu nemana sun cika yawa." Ta yi dariya, wallahi na ji daɗin dariyar.

A daidai lokacin Yaya yana tsaye kan wata kwalbati da ruwa ya kwashe ƙasarta, ƙarafunan dogo suna lilo. Tasha na kira ne su ji ko hanya lafiya. Da ba a ɗauka ba suka saki jirgin kaya a hankali. Yaya ya ruga da tutarsa ya tarbe shi, ya tsaya tsakiyar layi don direba ya gan shi a kwana. Jirgin ya tsaya kafin kwalbatin, ba wanda ya mutu. Shi ne santsi ya kwashe lokacin da zai kauce, jirgin ya bi ta kan ƙafarsa.

Bayan wata uku aka kawo shi Zuru da sanduna biyu. Na jira ya zage ni, ko ya tona ni gaban iyayenmu, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Na je na durƙusa na miƙa masa wayar.

Ya dube ta, ya mayar mini da hannuna.

"Riƙe ta, ƙanena. Inda nake zuwa yanzu, ko murya na ɗaga ana ji na."