Hayaƙin Iya

A gidanmu na Kuje, lokacin da nake ƙarama, ba a kashe wutar murhu in an sauke tuwo. Sai Iya ta rage ta, ta tura ɗanyen kara da ɓawon gyaɗa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin girki, sannan ta aika a kira mu. Ni da wana Sale mu shigo muna tari muna murza ido. Kuje ba garin sanyi ba ne, gumi ma muke yi. Amma in ka ce a fita tsakar gida a yi tatsuniyar ana shan iska, sai ta ce tatsuniyarta ba ta fita waje, wanda idonsa ba zai jure ba ga ƙofa nan. Ba wanda ya taɓa fita a cikinmu.

Iya ita ce ta haifi babanmu. Ta biyo shi daga ƙauyenmu na arewa sa'ad da ya zo leburanci ana gina Abuja, abin da ta riƙo bai wuce ƙullin tufafi da damin dawa ba, jar nan da ake kira kaura. Wani dattijon Gbagyi ya sayar wa babanmu da ɗan fili a hanyar Sheda, ta shuka. Duk shekara kafin girbi ita ke fara shiga gona, ta zaɓi manyan zangarniyoyi, ta ɗaure, ta rataye a saman murhu. Wannan shi ne iri. Duk tsananin da aka shiga a gidan, ba a taɓa sauke shi don tukunya ba.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. Mu ce ta shigo mu ji. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda ta fi maimaitawa har muka haddace.

Wai a wani gari na bakin kogi ana noma dawa da riɗi. Rannan sai ga fatake a kwale-kwale ɗauke da wani hatsi fari tas, an riga an surfe shi, ba sussuka ba daka. Suka ce a ba su riɗi su bayar da farin hatsi. Matan gari suka ji daɗi, turmi ya huta, tafin hannu ya yi laushi. Da damina ta zagayo kowa ya shuka riɗi zalla. Irin dawar da ke rataye kuwa, tunda ba shi da sauran aiki, aka sauke aka yi kunu da shi.

Mace ɗaya ce ta ƙi. Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai dai ta ce Mai Hayaƙi. Duk shekara takan shuka 'yar kuyya ta dawa a bayan gida, ta rataye iri a kan wuta. Zanenta na warin hayaƙi, in ta je biki mata su ja jiki. Mijinta ya yi faɗa har ya gaji. Sai wata shekara fatake suka sami garin da riɗinsa ya fi araha, ba su dawo ba, ko sallahu ba su aiko ba. Mutane suka kwashi ragowar farin hatsi suka shuka. Ruwa ya sauka, suka jira, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Suka taru a ƙofar Mai Hayaƙi da ƙorai. Ta ba kowane gida cikin tafi ɗaya, ta ce na ƙasa ne, wanda ya kai shi baki kada ya sake zuwa. Daminar nan ganye suka ci har dawa ta nuna.

Nan kullum Sale ke tsayar da ita. "Iya, ai muguwa ce. Me ya hana ta dafa musu?"

"Ji maigidan nawa, ba cefane sai ci," ta ce, tana dungure masa kai. "Ta dafa su ci yau, gobe su shuka me? Ƙarshenta ke nan. Ku tura min karan can, ku je ku kwanta."

Iya ta daɗe da rasuwa. Yau ni ke sayar da hatsi a kasuwar Kuje, Sale kuma direba ne a Maitama, yana tuƙa wani mai fitar da riɗi da waken soya zuwa ƙasashen waje. Kwanaki na ji ana hasashe a rediyo, wai alkama da shinkafar da ake shigowa da su za su ƙaru, riɗi da waken soyar da ake fitarwa su ma za su ƙaru. Ban buƙaci rediyo ba, a bakin mudu nake gani. Tun da hatsin waje ya cika kasuwa, na san manoman da suka sayar da masara ba su fitar da kuɗin taki ba.

Wata Lahadi kafin ruwa ya sauka sai ga Sale a motar ogansa.

"Ladidi, gonar nan tamu ce mu biyu. Bana riɗi za mu sa gaba ɗaya. Oga ya ce ko nawa ne zai ɗauka, kwantena na jira a Legas."

"Kaurar Iya fa, Yaya?"

"Wa yake cin kaura a Abujan nan? Ki shiga Maitama ki gani, burodi ne da shinkafa da taliya. In tuwo kike so ki saya mana, ai ya yi araha. Wannan biznes ne, ba tatsuniya ba."

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na tashi na shiga sito don in nuna masa irin. Tun da na koma girki da gas na zuba zangarniyoyin bara a buhu na jingine. Ina kwance bakin buhun sai gari ya zubo min a ƙafa. Ƙwari sun cinye kusan duka. Na durƙusa ina tsinta, abin da na samu da rai bai fi in riƙe a hannu ɗaya ba. A durƙushen nan na gane abin da ban gane ba tun ina yarinya. Wutar Iya ba ta jin ɗumi ba ce. Hayaƙi ke korar ƙwari daga iri, wuta kuma tana son mai tura mata kara, yara kuwa ba sa zama a hayaƙi sai da tatsuniya. Ashe gadin iri take sa mu, mu kuma muna cewa hira muke sha. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Na fito da ɗan abin da ya rage. "Yaya, rabinka ka sa riɗi, Allah ya ba da kasuwa. Rabina kaura ce."

"Asara za ki yi."

"Na sani."

Ba na gaba da riɗi. A kai shi duk inda ake so, a kawo kuɗi, mu ma muna so. Amma mai sayen riɗi yana iya samun wani garin gobe, jirgin da ke kawo farin hatsi kuma ba namu ba ne. Ranar da ya ƙi zuwa, ba na son a ce a gidan Iya ma ba abin da za a sa a ƙasa. In irin nan bai shiga gona bana ba ya mutu, kuma babu kasuwar da zan je in sayo shi.

Na sa an gina min ɗan ɗaki da murhu a bayan gida, na rataye zangarniyoyin kafin ruwa ya zauna. Maƙwabta sun yi ƙorafi shanyarsu na warin hayaƙi, na ba su haƙuri, ban kashe wutar ba. Jiya bayan isha na kira 'yata, ta shigo tana tari, waya a hannu.

"Mama, mu fita waje mana, idona na zafi."

Na ce ga ƙofa nan. Ta dubi ƙofar, ta dubi abin da ke rataye a sama. Sai ta kife wayar a cinya, ta jawo kara ta tura a wuta.