Takardar da Malam ya haddace

A dogon hutun damina aka tara mu malaman firamare a Garwa, kwas na mako biyu. Daga wani ƙauye kusa da Poli na zo, ba don ilimin ba, gaskiya, don dai in samu wanda zai sa baki a dawo da ni gari. Duk wanda na ga ya sa takalmi mai ƙyalli sai na gaishe shi sau biyu.

A bencin baya na tarar da malamin da ya koya mini karatu a Pitowa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba sai da na yi magana, nan take ya kira sunan mahaifina.

Da aka tashi cin abinci ya ja ni gindin dalbejiya, ya miƙo mini takardar da za a yi darasin gwaji da ita washegari, labarin masuntan kogin Binuwai.

"Karanta mini sau biyu, ɗana. A hankali."

"Malam, tabarau ka manta?"

"Idon ne ya tafi. Shekara uku ke nan. Saura biyu in yi ritaya, in suka gane yanzu sallamata za su yi."

Shekara uku yana koyar da aji da ka! Na karanta, ya maimaita mini tas, kamar mai hadda a makarantar allo.

Washegari sufeton makarantu mai kula da kwas ɗin ya ce ruwa ya jiƙa takardun jiya, ya raba wasu sababbi, labarin noman auduga. Ya duba jerin sunaye, ya kira Malam. Na so in yi tari, in yi wani abu, amma lokaci ya ƙure.

Malam ya miƙe, ya riƙe takardar auduga, ya karanto labarin masuntan Binuwai da Faransanci mai daɗi, har yana bin layi da yatsa. Duk ajin muna kallon takardunmu, ba wanda ya motsa.

Sufeto ya dube shi. Sannan ya ce, "Très bien," wato madalla. Ya sauko da kansa ya kama hannun Malam ya kai shi benci, na ji yana cewa ƙasa-ƙasa da Fulatanci, "Kai ka koya mini wannan baƙin, Baaba. Zauna."

Har aka gama kwas ɗin ban ji wanda ya ɗaga maganar ba. Ni ma ban ƙara neman kowa kan batun canjin wuri ba, kullum ina bencin baya ina karanta masa.